Barcin da Likita Ya Sa: Idan Naka Yana Kan Injin Numfashi

Da la'asar aka buga maka waya. An ce mota ta kaɗe ɗanka a kan babur a hanyar Mampong, an kai shi asibitin da ke kusa, daga can aka ce a wuce da shi Gee. Ka bar doyarka a gona, ka shiga motar Ejura, ka sauka wurin ƙaninka a Aboabo bayan sallar lisha. Da gari ya waye kuka nufi asibiti. Bayan dogon jira wata nas ta ce mutum ɗaya ne zai shiga. Ka wanke hannu, ka bi ta a baya.

Ga shi kwance, ido rufe. Roba a baki, wata siririya a hanci, wayoyi a ƙirji, injina na ta ƙara a gefen gado. Ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka daidai wa daida, kamar ba shi ke yi ba. Ka kira sunansa, bai amsa ba. Ka fito gwiwa a sanyaye. Kafin azahar labari ya kai Asawase da Sabon Zongo: wai ya riga ya cika, inji ne kawai ke hura shi don a ci kuɗi. Wani kuma ya ce allurar da suke yi masa ita za ta ƙarasa shi, gara a ɗauko shi a kawo gida.

Domin irin wannan rana aka rubuta ɗan littafin nan. Allah ya sa kada ka gan ta. Amma idan ta zo, abin da ka sani game da barcin nan zai iya raba ka da yanke shawarar da za ka yi nadama a kanta.

Inda aka kai shi

Asibitin da mutanen Kumasi ke kira Gee shi ne Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama. Sunan Gee ya samo asali daga kamfanin da ya gina shi a shekarun 1950, kuma a 1975 ya zama asibitin koyar da likitoci. Can ƙananan asibitoci irin namu ke tura wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsu. Ɗakin da ka shiga shi ne ɗakin kulawa ta musamman, wanda ma'aikata ke ce wa Ai-Si-Yu. Gadajensa kaɗan ne, masu nema da yawa. Likita ba ya ba da gadon nan ga wanda ya riga ya mutu, alhali ga wani mai rai a ƙofa yana jira.

Ba hatsarin mota kaɗai ke kai mutum can ba. Ciwon huhu mai tsanani, jijjigar masu ciki, ciwon tetanas mai sarƙe haƙora, shan maganin feshi na gona, saran wasu macizai da ke shanye numfashi, babbar tiyata, duk suna kaiwa. Injin numfashi ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu. Aikinsa irin na mai zuga ne a maƙera: ya riƙe wuta kada ta mutu har maƙeri ya gama ƙira. Yana tura iska cikin huhu, ya bari ta fito, yayin da magani da jiki ke yaƙi da ciwon.

Me ya kawo barci a ciki?

Ka tuna ranar da kokon safe ya bi maka ta hanyar iska. Ɗigo ɗaya ne, amma ka yi tari har da hawaye. To, robar nan kaurinta ya kai na ɗan yatsa. Ta bi ta baki, ta ratsa wurin da murya ke fita, ta zauna cikin maƙogwaro dare da rana. Shi ya sa ko ya farka ba zai iya magana ba. In ba a ba shi magani ba, jikinsa zai yi ta ƙoƙarin tofar da ita. Inji na turo iska, shi yana turewa, numfashin biyu na karo da juna, iskar ba ta isa inda ake so.

Tun ranar farko da aka soma irin wannan jinya aka ga haka. A watan Agusta na 1952 cutar shan inna ta afka wa birnin Kwafanhagan na ƙasar Denmak. A asibitin Blegdam, cikin mutum 31 na farko da cutar ta shanye musu numfashi, 27 suka mutu. Wani likita mai sa barcin tiyata, Bjørn Ibsen, ya ce a huda wuyan wata yarinya 'yar shekara 12 a sa roba, shi zai riƙa matsa mata iska da jakar roba. Da farko abin ya ƙi. Yarinyar na ta fizge-fizge, ƙirjinta ya ɗaure, iska ta ƙi shiga. Sai ya yi mata allurar barci. Jikinta ya saki, iska ta shiga, ta rayu. Daga nan aka tara ɗaliban likita sama da dubu, suna karɓa-karɓa, kowa zaune gefen gado yana matsa jaka da hannu, makonni da watanni. Injin da ka gani a Gee jikan wannan jaka ne, allurar barcin kuwa tare suka taso.

Barci daban, ciwo daban

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, har da wasu ma'aikatan da. Ana ganin mutum ya rufe ido, ya yi shiru, sai a ce ya huta. Alhali maganin barci ba ya kashe ciwo. Mutum na iya kwance lamo, ƙashin haƙarƙarinsa da ya karye na ci masa rai, ba shi da bakin faɗa.

Saboda haka magungunan iri biyu ne, kuma idan ka duba gefen gado za ka ga manyan sirinji a cikin ƙananan injina suna tura su a hankali ta jijiya. Na ciwo su ne irin su mofin da fentanil, a haɗa da farasitamol, wani lokaci da ketamin. Na barci su ne irin su midazolam da furofofol. Wannan na ƙarshe fari ne fat kamar madara. Kada ka zaci abinci ne. Abinci ta siririyar robar hanci yake bi zuwa ciki.

Ƙa'idar da likitoci ke bi a yau ita ce a fara da ciwo. Sau da yawa mutumin da ke ta mutsu-mutsu yana kokawa da inji, ciwo ne ke damunsa, ko fitsari ya taru, ko majina ta toshe roba. In aka kashe ciwon sai ya kwanta da kansa, ba sai an danne shi da barci mai nauyi ba. Wanda ƙaya ta soka a ƙafa, ƙayar ake cirewa, ba a rarrashinsa ya yi barci da ita.

Yaya za a san ciwon wanda ba ya magana? In yana farke ana tambayarsa, ya gyaɗa kai ko ya matse hannu ko ya nuna wurin. In ba ya iyawa, nas na karanta jikinsa. Tana duba fuska, ko ya haɗe gira ko ya cije roba. Tana duba hannu da ƙafa, ko suna kai wa wurin rauni. Tana lanƙwasa hannunsa ta ji ko ya sandare. Tana sauraron inji, ko yana kuka saboda mara lafiya na ture iska. Lokutan da ciwo ya fi tashi sanannu ne: sa'ad da ake juya shi, sa'ad da ake zuƙe majina daga roba, sa'ad da ake wanke rauni. Shi ya sa ake ƙara magani kafin a taɓa shi.

Kai ma kana da ido a nan, har ka fi nas wani abu. Ita jiya ta fara ganinsa, kai tun yana goye ka san yadda fuskarsa ke yi in abu ya dame shi. In ka ga alama, ka faɗa da ladabi: “Sista, ina ganin kamar yana jin ciwo, ko za ki duba shi?” Wannan ba shisshigi ba ne.

Don me suke tashinsa, bayan ya samu ya huta?

Wata rana za ka shigo ka tarar idonsa biyu, yana tari, hawaye na zuba, fuska a yamutse. Zuciyarka za ta ce jiya ya fi sauƙi. Har ka ji kamar ka roƙi likita ya mai da shi barci. Dakata tukuna.

A da haka ake yi, a nutsar da mutum cikin barci kwana da kwanaki don tausayi. Daga baya aka gane tausayin na da tsada. Maganin na taruwa a jiki, musamman in ƙoda ko hanta sun raunana, sai a tsai da shi amma mutum ya ƙi farkawa. Tsokar numfashi da ta daɗe ba ta aiki tana mutuwar jiki, kamar ƙafar da ta yi wata biyu a ɗaure. Kowace rana a kan inji kuma ƙofa ce ga sabon ciwon huhu, da gyambon kwanciya, da daskarewar jini a ƙafa. Ga kuɗi na tafiya.

A shekarar 2000 wani likita a birnin Shikago na Amurka, John Kress, da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi da marasa lafiya 128. Kashi ɗaya ana tsai da musu maganin barci kowace rana har su farka, ɗaya kashin ana yi musu yadda aka saba. Waɗanda ake tashi kullum suka sauka daga inji cikin kimanin kwana 5, sauran suka haura kwana 7. Tun daga nan asibitocin duniya suka koma ga barci mara nauyi.

Har ma'auni gare shi. Sifili shi ne mutum a farke kuma a natse. Sama da sifili, har zuwa 4, tashin hankali ne da fizge-fizge. Ƙasa da sifili, har zuwa 5, nutsewa ce cikin barci, ta ƙarshe ita ce wadda ko an girgiza mutum ba ya motsi. Ga yawancin marasa lafiya ana neman tsakanin sifili da mataki biyu a ƙasa: yana gyangyaɗi, amma in aka kira sunansa ya buɗe ido ya dube ka. Idan ka ji nas na kiran sunansa da ƙarfi tana cewa ya matse mata hannu, awo take yi. Ranar da ya farka ya bi umarni, ya kuma ja numfashi da ƙarfinsa, ranar ce ake fara maganar cire roba.

Wataƙila ka ga an ɗaure masa hannu da ƙyalle a jikin gado. Abin ba daɗin gani, mu ma ba ma son sa. Amma mai magagin barci hannunsa robar baki yake fara nema, kuma in ya fizge ta, 'yan mintoci kaɗan sun isa a rasa shi. Kana da damar tambaya ko za a kwance hannun muddin kana zaune kana riƙe da shi.

Akwai kuma ruɗewa. Mutum ya dube ka bai gane ka ba, ko ya firgita kamar yana ganin wani abu a bango, ko ya yi zuru ba ya bin kowa da ido. Zafin ciwo, da magunguna, da rashin barcin kirki, da ɗakin da fitila ba ta mutuwa, su ke haɗuwa su gigita ƙwaƙwalwa. Ya fi kama tsofaffi. A Zongo nan da nan za a ce iska ce ko sammu ko taɓin hankali. Ruɗewar ciwo ce, kuma yawanci tana washewa in jiki ya samu sauƙi.

Inda barci mai nauyi ya zama dole

Ba kowa ake tashi ba. Wanda ya bugu a ka ƙwaƙwalwa ta kumbura, tari da yunƙuri na ƙara mata matsi, don haka akan bar shi cikin barci mai zurfi na wasu kwanaki. Haka mai tetanas da ƙaramin motsi ke sa jikinsa ya sandare, da mai farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa. Haka wanda huhunsa ya lalace ƙwarai. Irin wannan akan kifa shi rub da ciki awa 16 ko fiye a rana don bayan huhu ya buɗe. An yi haka da yawa a zamanin korona, wadda ta shigo Ghana a watan Maris na 2020 har aka rufe Kumasi da Akara mako uku. Wani lokaci ana ƙara maganin da ke sakin tsoka gaba ɗaya, ko fatar ido ba ta motsi. Shi wannan magani ba ya sa barci, ba ya kashe ciwo, don haka doka ce ba a ba da shi sai tare da sauran biyun.

Wataƙila wani ɗan'uwa da ke Jamus ko Amurka ya bugo waya yana maganar Ekmo. Wannan inji ne da ke fitar da jini daga jiki ta babbar roba, ya bi da shi ta cikin huhun roba inda zai sha iska, ya mai da shi. Tun shekarun 1970 aka fara shi, yana da tsada ƙwarai, kuma sai a wasu manyan asibitoci ake samunsa. Wani abin mamaki game da shi: robobinsa na shanye wani kashi na fentanil da midazolam kafin su yi aiki, sai likita ya riƙa gyara awo. Can ma dai maganar ɗaya ce, a kashe ciwo, a rage barci gwargwadon hali.

Maganar da ake jin kunyar faɗa

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci daga wajenka. Likita zai tambaya ko mara lafiya na shan wani abu. Mu kuwa mutanen rufin asiri ne. Uba zai ce, “Ɗana? Ko taba ba ya sha.” Abokansa na waje sun san kullum sai ya haɗiyi tramol kafin ya hau babur ko ya ɗauki kaya a Kejetia.

Ba mu kawo maganar don tozarta kowa ba. Tramol ya yi yawa a garuruwanmu har a 2018 gwamnatin Ghana ta tsananta doka a kansa, ta kuma hana maganin tari mai kodin. Wanda aka yarda da shi a asibiti mai awo 50 ne ko 100. Na bayan fage ana samun 120, 225, har 250. Tramol da kodin dangin mofin ne. Jikin da ya saba da su, awon da zai kwantar da ciwon wani ba zai ishe shi ba. In likita bai sani ba, ɗanka zai kwana cikin azaba ana zaton an ba shi isasshe. Bayan kwana ɗaya ko biyu kuma jiki zai tashi neman abin da ya saba: gumi, rawar jiki, zawo, bugun zuciya, fizge-fizge. Sai a yi ta neman dalili a wani wuri. Haka yake ga mai shan akpeteshie ko fito kullum. Shi yankewar giya farat ɗaya har farfaɗiya take kawowa. Ka ja likita gefe ka faɗa masa. In kai ba ka sani ba, ka nemo abokin da ya sani. Likita ba ɗan sanda ba ne, kuma maganar ba za ta fita ɗakin ba. Ka faɗi maganin gargajiya da yake sha, da na hawan jini ko sukari, da duk maganin da ya taɓa yi masa illa.

Wasu kuma tsoronsu ta ɗaya gefen ne: kada mofin ya mai da musu ɗa ɗan ƙwaya. Maganin da aka auna aka bayar don ciwo na gaske, na 'yan kwanaki, a hannun ma'aikata, da wuya ya kai ga haka. In an daɗe ana ba shi, a hankali ake janyewa, kamar yaye. Masu cewa allurar ke kashewa kuma, gaskiya ne mofin mai yawa na rage numfashi, amma wannan mutum inji ke riƙe da numfashinsa, kuma ana kallon bugun zuciyarsa da ƙarfin jininsa kowane lokaci. Ba za mu ɓoye maka ba, ba duk wanda ya hau inji ke sauka da rai ba, domin masu ciwo mafi tsanani ake kaiwa can. Idan ciwo ya fi ƙarfin magani likita zai zauna da ku ya faɗa. Ko a lokacin ba a daina ba da maganin ciwo, don kada mutum ya bar duniya cikin wahala. In zuciyarka na da tambaya ta addini a kan haka, ka zo da malaminka ko fastonka su ji daga bakin likita.

Abin da za ka yi a bakin gado

Ka yi masa magana. Mai barcin magani sau da yawa yana jin wani abu, kuma wasu da suka tashi sukan tuna muryar da suka sani. Ka faɗi ko kai wane ne. Ka gaya masa yau wace rana ce, yana Gee, mota ce ta buge shi, robar bakinsa ce ta hana shi magana kuma za a cire ta. Gobe ka sake faɗa, domin zai manta. Ka yi da harshen da ya tashi da shi; wataƙila nas Turanci da Twi take ji, kai ne mai Hausa ko Dagbani ko Mosanci. Ka yi addu'a a hankali kusa da kunnensa. Kada a yi kuka da kururuwa a kansa, kada a yi maganar kuɗin asibiti ko rabon gado. In yana sa tabarau, ka kawo.

Kada ka ɗiga masa komai a baki, ko ruwa ne, ko rubutu, ko zamzam, ko man addu'a. Ba ya iya haɗiya, huhu zai tafi. In kana son shafa masa a goshi ko a ƙafa, ka tambayi nas. Kada ka taɓa injin ko da yana kuka, kira ma'aikaci.

Dubiya al'adarmu ce mai kyau, amma ɗakin nan ba ya ɗaukar unguwa guda. Ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu natsuwa su riƙa shiga, su ne kuma za su riƙa jin bayanin likita su kai gida, don kada magana ta rabu bakwai. Sauran su taimaka da abinci, da kuɗin mota, da ba da jini in an nema. Mahaifiyar da ke ƙauye tana iya yin magana a waya a ɗauka, a kunna masa in ma'aikata sun yarda.

In kwanaki sun ja, likita na iya neman izininku a huda wuya a mai da robar can. Mutane na jin haka sai su tsorata. Sau da yawa sauƙi ne: baki ya huta, a rage maganin barci, ramin kuma yakan rufe da kansa bayan an cire robar.

Bayan an dawo gida

Ranar da aka cire roba murya za ta dushe, maƙogwaro na zafi, kuma ba a ba shi ruwa sai nas ta gwada haɗiyarsa. Zai rame, ƙafafu ba ƙarfi. Ƙarfin na iya ɗaukar watanni kafin ya dawo, don haka kada a ce ragwanci ne in bai koma gona ko kasuwa da wuri ba. Wasu na mantuwa. Wasu na mugun mafarki, ko su rantse an ɗaure su ana so a kashe su a asibiti. Kada ka yi masa dariya, kada kuma ka yi gardama da shi. Ka zauna ka ba shi labarin kwanakin ɗaya bayan ɗaya, wa ya zo, me aka yi, don me aka ɗaure hannun. In ka iya rubutu, tun yana kwance ka riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana a ɗan littafi, zai yi amfani a nan. Idan firgita ko rashin barci ko baƙin ciki ya wuce 'yan makonni, ko ciwo ya sa ya fara aika yara kemis sayen tramol, ku kawo shi asibiti tare da takardar sallamar da aka ba ku a Gee.